Eriyar da Ba Ta Musu

Duk wanda ya taso a gidan da ake kama BBC ko Muryar Amurka ko Muryar Jamus a gajeren zango ya san dabarar nan. Idan murya ta fara nisa, sai a samo 'yar waya a ɗaura a kan eriyar rediyo, a maƙala ɗaya bakin a ƙusar bango ko a jefa shi kan rufi, nan da nan magana ta fito garau. Dabarar mai sauraro ce, kuma tana aiki. Amma akwai wasu mutane a duniya da sauraro kaɗai bai ishe su ba. Suna zana jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, su kafa ƙaramar tasha a ɗakinsu, su riƙa magana da takwarorinsu na wata nahiya, don sha'awa da neman sani kawai. Sun fi yawa a Amurka da Japan da Turai, amma kusan kowace ƙasa tana da nata. Lambar kiran na Najeriya tana farawa da 5N, ta na Nijar da 5U.

Suna cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya amfanin gajeren zango. A 1912 dokar Amurka ta kore su daga dogayen zangunan da jiragen ruwa da sojoji suke aiki da su, ta bar musu mita 200 zuwa ƙasa, wurin da a lokacin ake ganin ba shi da wani amfani. Suka duƙufa a can. A watan Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa da Fred Schnell daga jihar Konetikat ta Amurka suka yi musayar saƙo a kusa da mita 110, kowa yana jin kowa, ga tekun Atlantika a tsakaninsu. Bayan haka ne gwamnatoci da manyan gidajen rediyo suka rugo gajeren zango.

A yau yawancinsu sayen na'urar suke yi, domin haɗa ta ya fi ƙarfin teburin gida. Abin da ya rage a hannunsu shi ne eriya, kuma a nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. Mafi sauƙinta ita ce mai hannu biyu: waya biyu masu tsawo ɗaya, a miƙe ɗaya dama ɗaya hagu, kebul ya sauko daga tsakiya zuwa ɗaki. Da irinta Heinrich Hertz ya yi gwaje-gwajensa a Jamus a 1887. Tsawonta ba da ka ake yanke shi ba. Ana raba 143 da lambar megahaz ɗin da ake son yin magana a kai, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Mai son megahaz 7.1, wato zangon mita 40, waya mita 20 da 'yan kai yake buƙata, goma a kowane hannu. Mai son 14.2 rabin haka ya ishe shi. Gogaggu kan yanka ta da ɗan rara, su ɗaga, su auna, su sauke, su naɗe bakin kowane hannu kaɗan, su sake ɗagawa. Santimita 10 daga kowane gefe kan matsar da eriyar mita 40 da kusan kilohaz 70. Naɗewa suke yi maimakon yankewa, saboda wayar da aka datse ba ta komawa.

Abin aunawar ƙaramin akwati ne mai allura, ana jona shi tsakanin na'ura da kebul. Aikinsa ɗaya ne: ya gwada ƙarfin da ya fita da wanda ya dawo. Na'urar watsawa da kebul an ƙera su ne su yi aiki da turjiyar om 50. Idan eriya ta dace da haka, duk ƙarfin zai shige ta. Idan ba ta dace ba, wani kaso zai juyo baya ta cikin kebul. Ma'aunin wannan shi ake kira SWR. Idan ya nuna 1:1, babu abin da ya dawo. A 2:1 kusan kashi 11 cikin ɗari ne ya dawo, a 3:1 kuwa rubu'i. Na'urorin zamani da yawa kan rage ƙarfinsu da kansu idan ya haura 2:1, don kada kayan cikinsu su ƙone. Shi ya sa sabon shiga yakan ɗauka cewa burin aikin gaba ɗaya shi ne allura ta kwanta. Zai wuni yana hawa yana sauka, ranar da ta kwanta kuwa ya ce eriyarsa ta yi.

A nan abin lura yake. A ƙarƙashin teburin da yawansu akwai wani abu da ake kira eriyar bogi. Wadda kamfanin Heathkit na Amurka ya yi suna da ita gwangwanin fenti ne mai cin galan guda. Idan ka buɗe murfin za ka ga rasista ɗaya mai om 50 a rataye cikin mai, irin wanda ake zubawa a taransifoma, a saman murfin kuma ga bakin da ake jona kebul. Amfaninta shi ne a gwada na'ura ba tare da an dami kowa a iska ba. Jona ta, ka danna makirufo, ka tura wat 100. Allura ko motsi ba za ta yi ba, a mita 80 ne, a mita 40 ne, ko a mita 10. Eriya mai hannu biyu, komai gwanintar wanda ya yanka ta, ba za ta ba ka wannan sakamako a kowane zango ba. Amma da ƙyar wanda ke ƙarshen unguwa zai ji ka. Bayan 'yan mintoci ka ɗora tafin hannu a jikin gwangwanin, za ka ji ya yi ɗumi. Can maganarka ta tafi, ta zama zafi a cikin mai.

Kamar mai zuba ruwa ne. Tulu mai ƙaramin baki yakan fantsalo maka kaɗan a ƙafa, amma abin da ya shiga za a sha. Rairayi kuwa duk abin da ka zuba zai karɓa, ko ɗigo ba zai dawo ba, kuma babu mai kashe ƙishirwa da shi. Allurar ba ta yi ƙarya ba. Tambayar da aka yi mata ita ta amsa, wato me ya dawo. Inda ƙarfin ya je kuwa, sama ne ko cikin mai, ba ta da hanyar sani.

Babu mai rikita gwangwani da eriya. Haɗarin shi ne eriyar gaskiya ta riƙa komawa ta bogi a hankali, mai ita bai sani ba. A ce mutum ya ɗaga eriyarsa bai naɗe mahaɗin kebul da kyau ba. Shekarar farko allura tana nuna 1.6:1 a tsakiyar zango, tana hawa idan aka matsa gefe, yadda eriya mai lafiya take yi. Damina biyu ta wuce, sai ya ga ta sauko 1.2:1, kuma ta daina hawa a gefuna. Murna za ta kama shi. Sai dai amsa ta yi ƙaranci, wanda a da yake jin sa sarai yanzu sai ya ce ya maimaita. Ranar da ya sauke kebul ɗin ya tsaga baƙar robar da reza, zai tarar saƙar jan ƙarfen da ke ciki ta yi baƙi ƙirin, ga tsatsa kore-kore tana manne wa yatsa, ruwa yana tsattsafowa taku da yawa daga inda ya shiga. Kebul ɗin ne yake cinye ƙarfi a tafiya, ya sake cinye wanda ya juyo a dawowa, sai abin da yake isa ga allura ya zama ɗan kaɗan. Lissafin a fili yake. Kebul ɗin da ke cinye rabin ƙarfi a tafiya, ko babu eriya a ƙarshensa sam, 3:1 kawai zai nuna. Wanda ke cinye kashi tara cikin goma kuwa zai nuna kusan 1.2:1, alhali babu komai a ɗaya bakin. Shi ya sa gogaggu suke tsoron eriyar da ta gyaru da kanta.

Akwai kuma inda gyara ne ma yake sa allura ta tashi. Eriyar tsaye bututun alminiyam ne ko waya mai tsawon rubu'in zango, mita 10 ke nan ga zangon mita 40. Hannu ɗaya gare ta, ƙasar da take tsaye a kai ita ce ɗaya hannun. Turjiyarta ta gaskiya, wadda ke juya wuta ta zama igiyar rediyo, kusan om 36 ce. Ƙasa kuma tana ƙara tata turjiyar, wadda ba ta haifar da komai sai zafi. Busasshiyar jigawa mai rairayi tana cikin mafiya cin ƙarfi, fadama mai danshi ta fi ta sauƙi, bakin teku mai gishiri ya fi kowa. A ce ƙasa ta ƙara om 14. Da 36 ɗin can sun zama 50 cif, allura ta kwanta, amma wat 28 cikin kowane 100 ƙasa suke ɗumamawa. Idan eriyar gajera ce, tata turjiyar ba ta wuce om 10 ba, asara ta cike sauran 40, to wat 80 ne ke tafiya a banza, allura kuwa tana kwance abinta. Maganin shi ne a shimfiɗa wayoyi a ƙasa daga gindin eriyar zuwa kowace kusurwa, don wutar ta sami hanya mai sauƙi ta komawa. A 1937 injiniyoyi uku na kamfanin RCA, George Brown da abokan aikinsa Lewis da Epstein, suka wallafa gwajin da suka yi kan haka, wanda daga gare shi ne shimfiɗa waya 120 ya zama ƙa'ida ga gidajen rediyon matsakaicin zango a Amurka. Mai sha'awa da ya shimfiɗa nasa wayoyin zai ga asarar ƙasa ta ragu, turjiyar ta koma kusa da 36, allura ta tashi zuwa 1.4:1. Muryarsa ta ƙara ƙarfi a nesa, ma'auninsa kuma ya ƙara muni a ɗaki. Wanda bai san dalili ba yana iya tattare wayoyin ya ce sun ɓata masa aiki.

Wannan ruɗanin ya daɗe. Walter Maxwell, injiniyan da ya yi aikin eriyoyin taurarin ɗan'adam a RCA, ya fara jerin maƙaloli a kansa a mujallar QST a 1973, daga baya suka zama littafi a 1990. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne ƙarancin SWR ba shaidar eriya mai kyau ba ne, kuma ƙarfin da ya juyo ba duka yake ɓata ba idan kebul ɗin mai kyau ne.

Tun kafin a yanka waya, da yawansu yanzu kan fara gina eriyar a kwamfuta. Tushen mafi yawan manhajojin da suke aiki da su shi ne NEC, wadda Gerald Burke da Andrew Poggio suka rubuta a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Kalifoniya, kashinta na biyu ya fito a 1981. Daga baya Roy Lewallen ya sauƙaƙe amfani da ita a manhajar EZNEC, wadda ya mayar kyauta a 2022 da ya ajiye aiki. Mutum zai shigar da tsawon waya, da kaurinta, da tsayinta daga ƙasa, da irin ƙasar. Manhajar ta yanyanka wayar gunduwa-gunduwa, aƙalla goma a kowane rabin zango, ta lissafa wutar da ke gudana a kowace gunduwa da yadda take shafar sauran, sannan ta zana inda ƙarfin zai nufa. Zanen nan yana amsa tambayar da ta gagari allura. Zai nuna maka eriyar mita 40 da aka rataye a tsayin mita 5 kusan duk ƙarfinta sama take harbawa, ya bugi sashen sararin samaniya da ke mayar da igiyar rediyo, ya sauko a garuruwan da ke cikin 'yan ɗaruruwan kilomita. Ɗaga ta zuwa mita 20, rabin zango ke nan, sai ƙarfin ya kwanta zuwa kusan digiri 30 daga ƙasa, ya kama hanyar nesa. Waya ɗaya ce, allura tana iya nuna lafiya a duka biyun, amma masu jin ka sun bambanta.

Ita ma manhajar abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Ba ta san da kwanon rufin maƙwabci ba, ko tankin ruwa, ko wayar lantarkin da ta ratsa bayan gida, sai in an shigar mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata tsohuwar manhaja mai suna MININEC takan lissafa turjiyar eriya kamar ƙasa ba ta cin komai, sai ta yi wa eriyar da ke kwance kusa da ƙasa kyautar ƙarfin da ba ta da shi. Saboda haka masu hankali a wannan fanni sukan gwada zanen kansa. Su cire duk wata asara daga lissafin, su duba ko ƙarfin da ya fita daidai yake da wanda aka shigar. In ba su zo daidai ba, zanen ne ke da matsala, komai daɗin sakamakon da ya bayar.

Wajen neman matsala ma tsarinsu ɗaya ne. Ana farawa da abu mai arha: mahaɗi, dalmar da ta tsage, dunƙulen tsatsa. A kai eriyar bogi can ƙarshen kebul, a auna ƙarfin da ya shiga ta wannan baki da wanda ya fita ta wancan, bambancin shi ne abin da kebul ya ci. A sauya abu ɗaya, a auna, a rubuta a littafi, sannan a taɓa na biyu. Daga ƙarshe kuma dole a tambayi na nesa. Jin wasu da kake yi ba shaida ba ne, domin a gajeren zango eriya mai asara tana rage murya da hayaniya tare, sai ka ci gaba da jin kowa alhali ba mai jin ka. Tambayar mutum ma tana da nata rauni. Suna da tsarin ba da rahoto, 1 zuwa 5 don tsabtar magana, 1 zuwa 9 don ƙarfinta, amma a lokacin gasar tuntuɓar juna kusan kowa 59 yake ba kowa, har wanda aka sa ya maimaita lambarsa sau uku.

A 2008 Joe Taylor, masanin kimiyya na jami'ar Princeton wanda ya sami kyautar Nobel a 1993, kuma mai wannan sha'awa tun yana saurayi, ya fitar da manhajar WSPR. Na'ura za ta aika ɗan saƙo na kusan minti biyu, ɗauke da lambar kira, da wurin da take, da ƙarfin da ta yi amfani da shi, sau da yawa wat 5 ko ƙasa da haka. Tashoshi a ko'ina cikin duniya suna saurare dare da rana, duk wadda kwamfutarta ta kama saƙon sai ta rubuta a intanet cewa ta ji wane, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza. Kwamfuta ba ta yin kara. Mutum yana iya gwada eriya biyu a dare ɗaya, da safe ya ga wacce ta isa Burazil, wacce ta tsaya a kusa.

Duk wanda aikinsa magana ce yana da irin wannan allura, kuma yawancinmu ita kaɗai muke kallo. Malami ya gama darasi ya ce, "Kun gane?" aji ya amsa, "Mun gane, Malam," ya rufe littafi da farin ciki. Ma'aikaciyar asibiti ta gaya wa tsohuwa yadda za ta sha magani, tsohuwa ta ce "To, 'yata," ta ƙulle shi a bakin zane. Maigida ya yanke shawara babu wanda ya ce uffan. Shugaba ya yi jawabi aka tafa. Duk waɗannan abin da ya dawo suka auna, kuma babu abin da ya dawo. Mu mutane ne masu kunya da kara, yaro ba ya musu da babba, baƙo ba ya gyara wa mai gida magana. Tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan ta gushe. Amma tana ɗora wa mai magana nauyi, domin a wurinmu "to" tana iya fitowa daga wanda ya fahimta, da wanda bai fahimta ba, da wanda ya fahimta bai yarda ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da yake zuwa daga baya. Ɗan da a da yake tambaya yana jayayya, yanzu komai aka ce sai ya ce to. Matar da a da take faɗin abin da ke damunta, yanzu ta daina. Ma'aikacin da yake kawo gyara a taro, yanzu sai ya sa hannu ya fita. Mai gida ko mai ofis yakan ce an sami zaman lafiya. Sau da yawa hanyar da ke tsakaninsu ce ta lalace, maganarsa ba ta isa, tasu ba ta dawowa. Haka kuma wanda ya fara gyara na gaskiya, ya buɗe ƙofa aka fara faɗa masa abin da ake ɓoyewa, zai ga ƙorafi ya ƙaru a kwanakin farko. Idan bai san dalili ba zai rufe ƙofar ya ce da can an fi zaman lafiya, alhali yanzu ne ya fara isa ga mutanensa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba kowace jayayya ce alheri ba. Allurar da ta tashi ƙololuwa tana iya nufin waya ta tsinke, kuma mai hankali ba ya jefar da ma'auninsa. Yana duba shi kullum, ya lura da sauyinsa, ya san tambaya ɗaya kawai yake amsawa. Ɗaya tambayar sai an fita an nemo amsarta. Malami ya kira yaron da ke kujerar baya ya ba shi alli. Ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Iya, maimaita mini, ƙwaya nawa da safe, nawa da dare?" Maigida ya zauna da mutum shi kaɗai, inda kunya ba za ta rufe masa baki ba. Shugaba ya aika wanda ba ya cin abinci a hannunsa ya ga ko rijiyar da aka ce an haƙa tana ba da ruwa. Wannan ya fi wahala, kuma amsar ba kullum take da daɗi ba. Amma wanda aka ba amanar koyarwa, ko jinya, ko iyali, ko jama'a, a kan abin da ya isa gare su za a tambaye shi, don haka can ya kamata ya je ya auna.